Ƙuri'ar Kurdawan Turkiyya: me ya sa suke zaɓen jam'iyyar da ba tasu ba?

Duk mai bin labaran Turkiyya tun daga ƙarshen 2024 zai iya rasa gane inda Kurdawan ƙasar suka dosa a siyasa. A watan Oktoban shekarar, Devlet Bahceli, shugaban jam'iyyar MHP ta masu tsattsauran kishin Turkawa kuma babban abokin ƙawancen Shugaba Recep Tayyip Erdogan, ya ba da shawarar a bar Abdullah Ocalan, jagoran PKK, ƙungiyar mayaƙan Kurdawa, wanda ke tsare tun 1999, ya yi jawabi a majalisa idan zai sanar da kawo ƙarshen gwagwarmaya da makami. A ranar 27 ga Fabrairun 2025 Ocalan ya yi kiran daga kurkuku, a watan Mayu kuma PKK ta ce ta rusa kanta. Jam'iyyar DEM, wadda ita ce babbar jam'iyyar da Kurdawa ke mara wa baya, ita ta riƙa kai gwauro tana kai mari tsakanin gidan yarin tsibirin Imrali, inda Ocalan ke tsare, da Ankara.

A daidai wannan lokacin ne, ranar 19 ga Maris ɗin 2025, aka kama magajin garin Santambul, Ekrem Imamoglu na jam'iyyar adawa ta CHP, mutumin da ƙuri'un Kurdawa suka taimaka wa ya ci zaɓe har sau uku. Tambayar da jama'a ke yi ita ce: shin Kurdawa na tare da 'yan adawa ne ko sun koma ɓangaren gwamnati? Amsar tana cikin dokokin zaɓen ƙasar da kuma irin lissafin da suka tilasta wa tsiraru yi na tsawon fiye da shekara 30.

Mece ce ƙuri'ar lissafi?

A ƙa'ida, mutum kan zaɓi wanda ya fi kwanta masa a rai. Ƙuri'ar lissafi kuwa ita ce mai zaɓe ya bar gwaninsa, ya dangwala wa wani, saboda ya auna ya ga gwanin nasa ba zai kai labari ba, ko kuma akwai wani ɗan takara da yake ganin hana shi hawa ya fi komai muhimmanci. Masana siyasa sun daɗe da lura cewa hakan ya fi faruwa a inda mutum ɗaya ne kawai zai lashe kujera, kamar shugabancin ƙasa ko na birni, da kuma inda doka ta sa wani shinge da sai jam'iyya ta tsallake shi kafin ta samu ko da kujera guda a majalisa.

Ga al'ummar da harshenta ba shi ne na gwamnati ba, lamarin ya fi haka nauyi. Yawansu ba ya hauhawa ko raguwa daga zaɓe zuwa zaɓe yadda farin jinin jam'iyya ke yi, don haka sun san tun farko cewa ba za su kafa gwamnati su kaɗai ba. Abin da ke hannunsu shi ne raba gardama tsakanin manyan jam'iyyu. Buƙatunsu kuma, irin su karatun yara da harshen gida, da ganin likita ko tsayawa gaban alƙali ba sai da tafinta ba, abubuwa ne da mafi rinjayen jama'a ba su damu da su ba, wani lokaci ma suna adawa da su.

Ana ƙiyasta cewa Kurdawa sun kai kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na mutanen Turkiyya. Ƙiyasi ne, domin rabon da hukuma ta fitar da cikakkun alƙaluman harshen uwa daga ƙidayar jama'a tun ta 1965. Akasarinsu na magana da karin Kurdanci da ake kira Kurmanci, wasu kuma Zazaki. Tushensu kudu maso gabas ne, amma yaƙin da aka yi tsakanin sojoji da PKK daga 1984, musamman tayar da ƙauyuka a shekarun 1990, tare da neman abinci, sun kwashi miliyoyinsu zuwa biranen yamma. A yau Santambul ce ake ɗauka a matsayin birnin da ya fi kowane yawan Kurdawa.

Tsarin mulkin 1982 ya ce Turkanci ne harshen ƙasa, sashe na 42 kuma ya hana koyar da 'yan ƙasa wani harshe a matsayin harshen uwa a makarantu. Wata doka ta 1983 ta taƙaita amfani da Kurdanci a wallafe-wallafe har sai da aka soke ta a 1991.

Shingen kashi 10

Sojojin da suka yi juyin mulki a 1980 sun bar wa ƙasar wata ƙa'ida: jam'iyyar da ba ta samu kashi 10 na ƙuri'un ƙasa baki ɗaya ba, ba ta da kujera a majalisa, ko da ita ta zo ta ɗaya a lardinta. Hujjar da aka bayar ita ce a kauce wa gwamnatocin haɗin gambiza masu saurin rushewa irin na shekarun 1970. Ƙa'idar ta cinye jam'iyyu iri-iri, amma babu wanda ta daɗe tana danne wa kamar Kurdawa.

Zaɓen 2002 ya nuna abin ƙarara. Jam'iyyar Kurdawa ta DEHAP ta samu fiye da rabin ƙuri'un lardin Diyarbakir, amma a ƙasa baki ɗaya kashi 6.2 ta tsaya. Saboda haka ba ta samu komai ba. Kujeru 10 na lardin suka tafi ga AKP da CHP, waɗanda ko an haɗa ƙuri'unsu a can ba su kama ƙafar DEHAP ba. A faɗin ƙasa, AKP ta Erdogan ta kwashi kujeru 363 cikin 550 da kashi 34 kacal. An kai ƙara kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, wadda a 2008 ta ce shingen ya yi tsawo, amma ba ta same shi da laifin keta yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ba.

Dabarar farko da 'yan siyasar Kurdawa suka gwada ita ce raɓa da wata jam'iyya. A 1991 'yan jam'iyyar HEP sun shiga majalisa ta jerin sunayen SHP, wata jam'iyya mai ra'ayin gurguzu na sassauci. A cikinsu akwai Leyla Zana, wadda ta ƙara jimla ɗaya da Kurdanci a ƙarshen rantsuwar kama aiki. A 1994 aka cire mata rigar kariya aka ɗaure ta, ba ta fito ba sai 2004. Kotun tsarin mulki kuma ta riƙa rufe jam'iyyun ɗaya bayan ɗaya: HEP a 1993, DEP a 1994, HADEP a 2003, DTP a 2009. Wannan ne dalilin da sunan jam'iyyar ke ta canzawa alhali mutanen su ne dai.

Dabara ta biyu ta fi wahala. Shingen bai shafi ɗan takara mai zaman kansa ba, sai jam'iyyar ta tsayar da mutanenta a 2007 da 2011 a matsayin 'yan indifenda. Matsalar ita ce ƙuri'ar da ta yi wa ɗan takara ɗaya yawa ba ta komawa ga ɗan uwansa. Dole aka raba kowane lardi gunduma-gunduma, unguwa-unguwa: mutanen wannan yanki ku zaɓi wane, na wancan ku zaɓi wance. A 2007 an sa sunayen 'yan indifenda a doguwar takardar ƙuri'a ɗaya da ta jam'iyyu, ga shi kuma dattawa da yawa, musamman mata, ba su iya karatu ba. Masu yaƙin neman zaɓe suka riƙa koya musu da zare: a ɗora bakin zaren a gefen takarda, inda ya tsaya nan ne gurbin da za a buga hatimi. Da wannan suka samu kujeru kusan 20 a 2007, da fiye da 30 a 2011.

Shekarar da aka ba su aron ƙuri'a

A watan Yunin 2015 jam'iyyar Kurdawa ta lokacin, HDP, ƙarƙashin Selahattin Demirtas da Figen Yuksekdag, ta yi kasadar shiga zaɓe da sunanta. Da ta gaza kai kashi 10, da mafi yawan kujerun kudu maso gabas sun faɗa hannun AKP, abin da zai iya ba Erdogan rinjayen sauya tsarin mulki zuwa na shugaba mai cikakken iko. Demirtas ya gina kamfen ɗinsa a kan jimla ɗaya da ya nufi Erdogan da ita: ba za mu bari ka zama shugaba mai wuƙa da nama ba.

A nan lissafin ya juya. Wasu Turkawa masu goyon bayan CHP, waɗanda ba su da wata alaƙa da batun Kurdawa, suka ba HDP ƙuri'unsu don kawai ta tsallake shingen. A Turkiyya ana kiran wannan ƙuri'ar amana, wato ta aro. Kazalika Kurdawa masu riƙo da addini da suka saba zaɓen AKP da dama sun sauya sheƙa, bayan ɓacin ran da suka yi kan matsayin gwamnati lokacin da mayaƙan IS suka yi wa garin Kobani na Siriya ƙawanya a 2014. HDP ta samu kashi 13.1 da kujeru 80, AKP kuma ta rasa rinjayenta a karon farko. Har yau masu nazari na saɓani kan ko wane rukuni ne cikin biyun ya fi yawa, sai dai alƙaluman larduna sun nuna babban ƙarin ya fito ne daga Kurdawan kansu.

Nasarar ba ta yi ƙarko ba. Tattaunawar sulhu da PKK ta wargaje a Yuli, faɗa ya dawo cikin birane, aka sake zaɓe a Nuwamba, HDP ta sauko zuwa kashi 10.8. A Mayun 2016 majalisa ta cire wa 'yan majalisa da dama rigar kariya, kuma shugabancin CHP ya goyi bayan hakan. A Nuwamban shekarar aka kama Demirtas. Kurdawa ba su manta da wannan ƙuri'a ta CHP ba, kuma tana dawowa a duk muhawarar da ake yi kan ƙawance.

A zaɓen 2018 an ga abin da a nan gida ake kira wake da shinkafa. HDP ta samu kashi 11.7 a zaɓen majalisa, amma Demirtas, wanda ya yi takarar shugaban ƙasa daga gidan yarin Edirne, kashi 8.4 ya samu. Mutane da dama sun ba jam'iyyar ƙuri'a ɗaya don ta haye shinge, ɗayar kuma suka kai wani wuri.

Santambul, 2019

Ƙuri'ar raba gardama ta 2017 ta mayar da ƙasar tsarin shugaban ƙasa, inda sai ɗan takara ya haura kashi 50 yake cin zaɓe. Wannan ya ɗaga darajar kowane kashi ɗaya. Jam'iyyar da ke riƙe da kashi 10 ba za ta ci ba, amma tana iya yanke wanda zai faɗi.

A zaɓen ƙananan hukumomi na Maris ɗin 2019, HDP ta ƙi tsayar da 'yan takara a Santambul da Ankara da Izmir. Ba a rattaba hannu kan wata yarjejeniya a fili ba, domin CHP na ƙawance da jam'iyyar IYI ta masu kishin Turkawa, wadda ba za ta yarda a gan ta a inuwa ɗaya da HDP ba. A Ankara abin ya fi ɗaci: ɗan takarar CHP, Mansur Yavas, tsohon ɗan MHP ne. Demirtas ya aiko da saƙo daga kurkuku yana roƙon magoya baya su danne zuciyarsu su fita su yi zaɓe.

Imamoglu ya ci Santambul da ratar ƙuri'a fiye da 13,000 a birni mai masu zaɓe fiye da miliyan 10. Hukumar zaɓe ta soke sakamakon. Kafin zagayen da aka maimaita ranar 23 ga Yuni, kowa ya san inda makullin yake. Ɗan takarar AKP, Binali Yildirim, ya je har Diyarbakir ya gai da jama'a da Kurdanci. Kwanaki kaɗan kafin zaɓe aka fito da wata wasiƙa daga Ocalan da ke kiran HDP ta tsaya tsaka-tsaki. Jam'iyyar ba ta sauya matsayi ba, masu zaɓe ma haka. Ratar ta tashi zuwa kimanin ƙuri'a 800,000, kodayake ba Kurdawa kaɗai suka haifar da ita ba, domin fushin soke zaɓen ya ratsa har cikin magoya bayan AKP.

Wata biyu bayan haka, ranar 19 ga Agusta, ma'aikatar harkokin cikin gida ta tsige zaɓaɓɓun magadan garin Diyarbakir da Mardin da Van, dukkansu 'yan HDP, ta naɗa kantomomi. Kafin wa'adin ya ƙare, yawancin ƙananan hukumomi 65 da jam'iyyar ta ci sun koma hannun kantomomi. Gwamnati ta ce tana da hujjar alaƙarsu da PKK, ƙungiyar da Turkiyya da Amurka da Tarayyar Turai suka ayyana ta 'yan ta'adda. HDP ta ce ƙwace ne na abin da aka kasa samu a akwati.

2023 da 2024: darasin da ya sauya salo

A 2022 an rage shingen zuwa kashi 7. A zaɓen 2023, saboda shari'ar neman rufe ta da ke gaban kotu, HDP ta shiga ƙarƙashin tutar wata jam'iyya, YSP, ba ta kuma tsayar da ɗan takarar shugaban ƙasa ba. Ta mara wa Kemal Kilicdaroglu na CHP baya, kuma ya samu fiye da kashi 70 a Diyarbakir. Amma da aka tafi zagaye na biyu, sai ya ƙulla yarjejeniya da Umit Ozdag, shugaban wata jam'iyya mai zafin kishin Turkawa, har da batun ci gaba da naɗa jami'an gwamnati a madadin zaɓaɓɓu idan kotu ta yanke hukunci. Fitowar masu zaɓe ta ragu a lardunan Kurdawa. Erdogan ya ci da kashi 52, YSP kuma ta tsaya a kashi 8.8.

Bayan wannan ne muhawara ta ɓarke a cikin gida, jam'iyyar ta koma DEM, ta kuma ce ta daina bayar da goyon baya kyauta. A zaɓen 2024 ta tsayar da 'yar takararta a Santambul, Meral Danis Bestas, yayin da a wasu gundumomi ta daidaita da CHP kan 'yan takarar da kowa ya aminta da su. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi jan hankalin masu nazari: 'yar takarar ta samu kimanin kashi 2, a birnin da jam'iyyar ta samu kusan kashi 8 shekara guda kafin nan. Masu zaɓen sun yi nasu lissafin, suka sake bin Imamoglu, wanda ya ci da kashi 51. Wato dai ƙuri'ar lissafi ba umarni ba ce da shugabanni ke bayarwa a bi ido rufe.

Wannan daidaitawar ta 2024 ta zama abin tuhuma daga baya. An kama Ahmet Ozer, shugaban gundumar Esenyurt da ya hau ta hanyarta, a Oktoban 2024, aka naɗa kantoma. Tana kuma cikin binciken da aka buɗe wa Imamoglu, kodayake a kan zargin cin hanci ne kotu ta ba da umarnin tsare shi, zargin da ya musanta.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Masu goyon bayan dafa wa 'yan adawa na cewa babu wata buƙatar harshe ko al'ada da za ta tabbata a inda kotu da hukumar zaɓe ba su da 'yanci. A ganinsu, rage ƙarfin mai mulki shi ne matakin farko, ko da wanda za a zaɓa ba masoyi ba ne.

Masu suka daga cikin jam'iyyar na amsa cewa wanda ya san ƙuri'arka tasa ce ko ta halin ƙaƙa ba shi da dalilin ba ka komai. Suna nuni da 2016 da 2023, suna kuma tuna cewa a zamanin mulkin CHP ita kaɗai ne aka murƙushe boren Shehu Sa'id a 1925 da na Dersim a 1937 zuwa 1938.

Akwai rukuni na uku da rahotanni kan manta da shi, alhali yana da yawa: Kurdawan da ke zaɓen AKP. A larduna irin su Sanliurfa da Bingol da Adiyaman jam'iyyar na da ƙarfi sosai. Wasu addini ne ya haɗa su da ita, wasu ƙin PKK, wasu kuma lissafi ne tsagwaronsa, cewa mai riƙe da gwamnati shi ke iya kawo hanya da asibiti. Suna da abin nunawa: a zamanin AKP aka buɗe tashar talabijin ta gwamnati mai watsa shirye-shirye da Kurdanci a 2009, aka fara darasin Kurdanci na zaɓi a makarantu a 2012, aka halasta haruffan q da w da x waɗanda babu su a Turkanci. A 2023 ƙaramar jam'iyyar Kurdawa masu ra'ayin Musulunci, HUDA PAR, ta samu kujeru 4 ta jerin sunayen AKP, irin dabarar da HEP ta yi a 1991.

Ta fuskar manyan jam'iyyun kuwa, kowace na tsoron abu guda: duk taku ɗaya da ta yi zuwa ga Kurdawa na iya jawo mata asarar masu kishin Turkawa, waɗanda su ma ƙuri'arsu ke raba gardama. Shi ya sa alkawuran kan zo a lulluɓe, ba a rubuce ba, kuma abin da ba a rubuta ba yana da sauƙin musantawa.

Ba Turkiyya kaɗai ke da wannan yanayi ba. A zaɓen shugaban ƙasar Romaniya na Mayun 2025, 'yan tsirarun da ke magana da harshen Hungary sun yi tururuwa wajen zaɓen Nicusor Dan don hana George Simion hawa. A Finland kuwa, jam'iyyar masu harshen Sweden, da kashi 4 zuwa 5 kawai, ta shiga kusan kowace gwamnati tun ƙarshen shekarun 1970, saboda babu shinge mai tsawo kuma babu mai ƙyamar zama da ita. Nijar ta bi wata hanya daban a lokacin da majalisarta ke aiki, inda ta ware mazaɓu 8 na musamman don ƙananan al'ummomi kamar Tubawa da Larabawa da Gurmawa.

Abin da ya shafi talaka

Ga mazaunin Batman ko Mardin, wurin da siyasar nan ke taɓa shi kai tsaye shi ne ƙaramar hukuma. Inda jam'iyyar Kurdawa ke mulki, akan buɗe makarantun renon yara da Kurdanci, a rubuta allunan tituna da harsuna biyu, tsohuwar da ba ta jin Turkanci ta iya shigar da kokenta da bakinta. Da zuwan kantoma, irin waɗannan ayyuka ne sukan fara tsayawa, ma'aikata da dama kuma su rasa aiki. DEM ta ci manyan kujerun larduna 10 a 2024, amma kafin shekara ta zagayo an naɗa kantomomi a Hakkari da Mardin da Batman da Van.

A makaranta, darasin Kurdanci awa biyu ne a mako, daga aji biyar, kuma sai ɗalibai aƙalla 10 sun nema. Iyaye na yawan kukan ƙarancin malamai, domin waɗanda ake ɗauka duk shekara ba su taka kara sun karya ba. Koyar da lissafi ko kimiyya da harshen uwa a makarantar gwamnati kuwa ba zai yiwu ba sai an taɓa sashe na 42.

A nan ne lissafin majalisa ya shigo. Kujeru 600 ne. Gyaran tsarin mulki na buƙatar ƙuri'a 360 kafin a kai shi gaban jama'a, ko 400 a zartar da shi kai tsaye. Majalisa na buƙatar 360 ɗin dai kafin ta kira zaɓe da wuri, wanda ita ce ƙofar da tsarin mulki ya bar wa shugaban da ke wa'adi na biyu ya sake tsayawa. AKP da ƙawayenta ba su kai wannan adadi ba, DEM kuma na da kujeru fiye da 50. 'Yan adawa na fargabar za a yi musayar sassauci ga Kurdawa da ƙarin wa'adi ga Erdogan. Gwamnati na cewa batun kawo ƙarshen ta'addanci ne ba ciniki ba, DEM kuma na cewa tattaunawar zaman lafiya daban, ƙawancen zaɓe daban. A watan Agustan 2025 majalisa ta kafa kwamiti kan shirin, wanda AKP da MHP da CHP da DEM duk suka shiga, IYI kuma ta ƙaurace. Zaɓen shugaban ƙasa da na majalisa na gaba, idan ba a matso da shi ba, a 2028 ne.